Godiya ga Ma'aikatan Gandun Daji na Daura

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne domin in yi godiya a bainar jama'a ga malaman daji na garinmu Daura, saboda yadda suka karɓe ni a kan wata 'yar buƙata da wani zai ɗauka shiririta ce.

Sa'ad da muka je ziyara Fas a ƙasar Maroko, hanya ta bi da mu ta dajin Mamura da ke kusa da Rabat, inda na ga itatuwan da aka saɓule wa ɓawo daga gindi har kusan rassa, jikinsu ya yi jawur, amma ganyensu kore shar. Aka ce mini wani nau'in itacen ok ne, wanda masana ke kira Quercus suber, kuma da ɓawonsa ake yin abin toshe bakin kwalba. Na sayi 'ya'yansa, waɗanda suke kira ballut, kowane ɗaya da ɗan ƙoƙo a kansa kamar hula, na ƙulle su a leda da niyyar shukawa a gonata.

Da na dawo na kai 'ya'yan ofishin gandun daji neman shawarar yadda zan shuka su, malamin da ya saurare ni bai yi mini dariya ba. Ya zuba 'ya'yan a cikin bokitin ruwa, kusan duka suka taso sama, sannan ya fasa guda biyu ya nuna mini yadda ƙwayar ta ƙanƙance ta yi baƙi. Ya ce 'ya'yan wannan itace ba sa jure bushewa kamar ƙwayar gero ko dawa, da zarar sun rasa danshinsu sun mutu. Ya ƙara da cewa ko da sun tsiro, itacen ya saba da ƙasashen da ruwansu ke sauka lokacin sanyi, alhali namu yana zuwa ne daga Yuni zuwa Satumba, bayan zafin bazara. A bakinsa na ji cewa sai itacen ya kai wajen shekara 25 kafin a fara ɓare shi, daga nan sai duk bayan shekara 9, kuma ƙasar Fotugal ce ke samar da kusan rabin ɓawon da duniya ke amfani da shi. Gaskiya na ji kunya kaɗan, domin da shekaruna ban yi wannan lissafi ba.

Bai bar ni na tafi hannu rabbana ba. Ya haɗa ni da dashen gawo, ya tuna mini cewa gawo yana kaɗe ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Ya gargaɗe ni kada in bar su su daɗe a leda, saboda saiwar tana saurin nutsawa ƙasa. Na dasa su a farkon damina, na kewaye su da ƙaya saboda awaki, kuma yawancinsu sun kama.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa ofishinku albarka.

Naku,
Wani manomi a Daura