Inbatar da ba ta san halin wutarmu ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da malamanmu na sashen lantarki a jami'o'i.

Sana'ata haɗa sola da gyaran inbata a Zariya. Makon jiya aka kira ni wani gidan ruwan leda, babbar inbatarsu mai fes uku, wadda ke haɗe da wutar layi, ta ƙi zama. Na ɗora mita: fes ɗaya bolt 238, na biyu 221, na uku 174. Dalilin kowa ya san shi, 'yan unguwa sun yi wa waya ɗaya rubdugu har ta durƙushe. Da na kwance murfi, kafasito biyu, wato 'yan gwangwanayen da ke ajiye wuta na ɗan lokaci, sun kumbura kamar fanke, ɗan allon da ke auna ƙarfin wutar layi kuma ya yi baƙi ƙirin. Kwana tara ma'aikata na zaune kafin a samo wani allon daga Legas.

In fes uku suka saɓa, ƙarfin da ke ratsa inbata yakan riƙa hawa da sauka sau 100 a daƙiƙa, ninkin 50 ɗin wutarmu, kuma kafasito ne ke shan wannan girgiza. Ƙa'idar Turai ta EN 50160 kashi 2 cikin ɗari ta yarda da shi na saɓanin. Namu fa?

Abin da ke ci mini rai shi ne akwai dabara. Inbata ta san wutar da ita kanta ke fitarwa, ta san karan ɗin da ke bi ta cikin kwil ɗinta, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinta, daga nan za ta iya lissafo ƙarfin layi ba tare da wancan allon awo ba, sannan ta ware lafiyayyen kason wutar daga karkatacce ta daidaita kanta. Tun 2001 masu bincike a Warso ta ƙasar Folan suka wallafa aiki a kan lissafo ƙarfin layi ba tare da allon awo ba. Na yarda ba sauƙi gare ta ba, domin in kwil ya ɗau zafi lissafi yakan zame, ga wahalar tashin farko kafin karan ya fara gudu. To wa ya fi mu zafi da karkatacciyar wuta da za a gwada ta a kai?

Malamai, ku turo mana ɗalibanku da na'urar naɗar awo, su kwana biyu a gindin taransifomar unguwa. Ni zan riƙe musu tsani, ƙonannun allunan da na tara a kwali kuma kyauta ne.

Naku,
Mai gyaran inbata,
Tudun Wada, Zariya