Abbana, ka koma wajen yaron da ya cinye ka

Assalamu alaikum Abba,

Ya karatu, ya zaman hostal, ya zafin Akoka. Tun ranar Asabar na kira ka sau biyu baka ɗaga ba, Mamanka tace in ƙyale ka ka huce tukuna, toh na ƙyale ka kwana uku, yau dai na rufe shago da wuri na zauna in rubuto maka, don na san in muka haɗu ido da ido sunkuyar da kai zaka yi kace "toh Baba" alhali zuciyarka na can wani wuri.

Da farko ka sani ban yi nadamar zuwa ba. Daga Ikeja zuwa Surulere a wancan go-sulo ɗin, ga na bar yara su kaɗai a shago ranar Asabar da kasuwa ta fi ci, wallahi ko a jikina, da na shiga gidan gem ɗin na ji an kira sunanka na ga ka tashi ka zauna gaban allo cikin mutane sai naji wani irin daɗi da ban san yadda zan faɗa maka ba. Kuma cinye ka da aka yi bai dame ni ba. Gasar irin wadda sai an doke mutum sau biyu yake fita ce, an doke ka a karon farko, an doke ka a na biyu, shikenan. Ka lissafa da kanka mana, a irin wannan tsari wajen mutum ɗaya cikin huɗu na duk waɗanda suka shiga haka suke komawa gida ba su ci kowa ba, dole ne, lissafin ne ya ba da haka. Kai da wata biyar kenan da fara Tekken, gem ɗin faɗan nan, da gaske, me kake tsammani?

Abin da ya tsaya min a rai shine bayan wasan. Yaron nan na biyu, Bayaraben nan mai riƙe da King, ɗan kokawar nan na cikin gem ɗin, ya miƙo maka hannu yana dariya yace maka kana yawan durƙusawa kuma kana jefa bugun tsalle duk sanda ka tsorata. Kai kuma ko kallonsa baka yi ba, kace hannun gem ɗinka ne ke da matsala, ka ture kujera ka fita, har hannun ma ka bar shi a nan kan benci.

Na ɗauko shi. Ran Lahadi da safe na buɗe shi akan teburin falo, na cire sukurori, na duba robar da ke ƙarƙashin kowane botin, na jona shi da kwamfuta na gwada sandunan biyu ko suna ja da kansu, na danna kowane lungu sau ba adadi. Abba, hannun nan lafiyarsa lau. Shekara nawa ina gyaran waya da hannun gem a Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja, da akwai abin da ya same shi da ni zan fara faɗa maka. Da a intanet kuka yi wasan sai in ce eh, sabis ɗinmu kowa ya san halinsa, wanda ke kan wayifai da wanda ya jona kebul ba ɗaya bane, NEPA ma ta kan ɗauke wuta a tsakiyar turmi. Amma ku a kan na'ura ɗaya kuka zauna kafaɗa da kafaɗa.

Baka san wannan ba, bayan fitarka ni ban tafi ba. Na jira yaron ya gama wasansa na gaba na je na same shi nace ni ne uban wanda ya tashi ɗazu, ka yi haƙuri, kuma dan Allah ka faɗa min abin da ka so faɗa masa. Kunya ta kama shi har da ɗan rusunawa irin tasu. Sai ya ciro waya ya fara min bayani, mun kai minti ashirin a tsaye kusa da janareta muna ɗaga murya.

Ga abin da na fahimta, in na yi kuskure ka gyara min. Yace gem ɗin a kowane sakan ɗaya hoto 60 yake nunawa, su suke kira firem, kuma kowane naushi da kowane shuri da adadin firem ɗin da yake ɗauka kafin ya sauka, da kuma adadin da mai shi zai tsaya kafin ya dawo hayyacinsa in an tare. Naushin hagu mafi sauri firem 10 ne, wato kashi ɗaya cikin shida na sakan. Toh duk bugun da in an tare shi ya bar ka baya da firem 10 ko fiye, abokin karawarka yana da naushi kyauta, ko me ka danna ba zai cece ka ba. Bugun tsallen nan da kake so, wanda in ya shiga yake cilla mutum sama ka bi shi da kombo, irinsa yawanci 13 yake barin ka baya. Yace sau shida ka jefa shi, sau ɗaya ya shiga, sauran biyar ɗin duk ya rama. Ya ƙirga fa! Kana can kana jin haushi shi yana ƙirga.

Maganar durƙuso kuwa ita ta fi burge ni. Yace a turmin farko ya kama ka sau biyu ya maka da ƙasa, daga nan ya lura kana tsoron kamu, kuma tunda kamu baya samun wanda ya durƙusa sai ka koma durƙusawa, shi kuma sai ya daina kamun gaba ɗaya ya koma bugun tsakiya wanda durƙusasshe baya iya tarewa. Wato da kanka ka riƙa kai masa kanka. Yace maganin ba durƙuso bane, ka koyi kwance kamun, ka kalli hannun da ya miƙo, in hagu ne ka danna 1, wato botin naushin hagu, in dama ne 2, na naushin dama, in duka biyu ne ka haɗa su, duk da dai yace King na da wasu da ke yaudarar ido sai an saba.

Ka ga wannan duka a bakinsa yake ranar, kyauta, kai ka tashi ka bar shi.

Na san abin da ya ɓata maka rai, dariyar ce, da kuma mutanen da ke tsaye a baya suna ihu. Nima na san zafin a gyara maka a gaban jama'a. Lokacin da GSM ya shigo a 2001 kowa ya ruga koyon gyaran waya, nima bayan ɗan lokaci na shiga hannun wani oga a Ikeja, mutum ne mai zafin baki ƙwarai. Wata rana aka kawo Nokia 3310 bata caji, na ɗora mata ƙarfen soda na daɗe a kai har allon cikin ya kumbura ya yi baƙi, warin ƙuna ya cika shagon, mutumin nan ya ƙwace ta a hannuna a gaban mai wayar da budurwarsa ya zage ni tas, yace hannuna nauyi gare shi kamar na mai fasa ƙashi, bana jira bana kallo, wuta kawai na sani. Kwana uku ban koma ba. Kakanka, mai sunanka, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga mayankar Oko-Oba ya same ni kwance da rana tsaka, da ya ji labari sai ya tambaye ni abu ɗaya, yace wayar ta ƙone ko bata ƙone ba? Nace ta ƙone. Yace toh zagin ka bar masa kayansa, maganar nauyin hannu kuma taka ce ka ɗauka, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Shi da ya yi dambe a ƙuruciyarsa kamar sauran 'ya'yan mahauta, yakan ce wanda ya kashe ka a fili shi kaɗai ya san ta inda garkuwarka ke buɗewa, makaɗa da 'yan kallo faɗuwar kawai suka gani. Washegari da asuba ya tasa ni gaba har bakin titi na hau danfo. Da wannan hannun nake biya maka kuɗin makaranta yau.

Ba wai nace ka haɗiye komai ba fa. Garin nan muke, na san akwai wanda zai ci ka ya ce maka aboki koma ka sayar da suya, ko ya turo maka saƙo bayan wasa yace ka goge gem ɗin baka da amfani. Wannan babu abin ɗauka a ciki ko ƙwaya ɗaya, kar ka rama kar ka tsaya, ka wuce abinka. Yadda zaka gane bambancin mai sauƙi ne, ka tambayi kanka shin akwai abin da zan iya zuwa in gwada a cikin maganar nan? "Baka iya ba" babu abin gwadawa. "Kana durƙusawa da yawa" akwai, ko da dariya aka faɗe ta.

Sannan ka iya tambaya. Yaron yace abin da ya fi gajiyar da su shine sabon shiga ya zo yace ya zan yi in ƙware, toh me za a ce masa? Amma in ka ce wancan shurin da ka riƙa kama ni da shi a jikin bango me ake yi masa, nan take zai ja ka ku zauna ya nuna maka. Ka jira ya gama wasansa na gasa tukun, kar ka tare mutum yana shirin hawa. Ka roƙe shi ku yi doguwar karawa, irin ta wanda ya fara cin goma, ko zai yi maka goma da nema ka zauna har ƙarshe, don a wasa biyu na gasa kafin ka gane me ke faruwa an gama. In ya faɗa maka abu kar ka fara da "ai dama", kar ka fara bayanin abin da ka so yi, kace na gode ka rubuta a waya.

Kuma kar ka kwaso goma lokaci ɗaya. Mutum biyar zasu baka shawara biyar, wani yace canza Jin, ɗan wasan da kake riƙewa, ka ɗauki wani, wani yace sayi irin babban allon botin ɗin nan, wani yace haddace kombo mai tsawo. Ɗauki ɗaya, wadda ta fi cin jininka, ka yi sati kana kanta. Tekken 8 ɗin ma ai yana ajiye wasanninka, kuma yaron ya nuna min zaka iya tsayar da bidiyon a daidai inda aka doke ka ka karɓi ɗan wasanka na sakan 10 ka gwada wani abu daban, ka maimaita har sai ka samu. Mu lokacin da muke buga Street Fighter II da Mortal Kombat a Sega a wani ɗan shago a Agege, wanda aka ci shi zai miƙa hannu ya koma bayan layi, kuma manyan yaran ɓoye yadda ake fitar da wuta suke yi, har rufe hannu suke da riga kar ka ga abin da suke dannawa. Ku yanzu na'urar ma da kanta koya muku take. Ta nan ne kuma zaka tantance shawara, in wani yace abu kaza ana rama shi, je ka gwada, in ya yi ka riƙe in bai yi ba ka ajiye ba tare da gardama ba.

Ka fi ni sanin Arslan Ash, hotonsa ne a fuskar wayarka. Yaro daga Lahore, a gidajen gem irin namu ya taso, a 2019 ya ci Evo, babbar gasar gem ɗin faɗa, na Japan ya zo ya ci na Las Vegas, a wasan ƙarshe ya doke Knee na Koriya ta Kudu wanda ake ganin babu kamarsa a Tekken. Ni ba Arslan ne ya tsaya min a rai a labarin ba, Knee ne. Mutumin da ya shekara da shekaru yana sama, maimakon ya nemi uzuri sai ya ɗauki jaka ya tafi Pakistan ya zauna da yaran can suna dukansa yana dukansu yana koyo. A 2022 ya dawo ya ci Evo, kuma ɗan Pakistan ya doke a wasan ƙarshe. In shi zai hau jirgi ya je wajen waɗanda suka kayar da shi, kai Surulere ce kawai, daga Yaba ko rabin awa ba za ta kai ba in hanya ta yi kyau.

Sharuɗɗana dai suna nan yadda muka yi. Ba wasan kuɗi, ko naira ɗari ce, in aka ce a zuba ka ce baka yi. In lokacin sallah ya yi ka tashi, na ga akwai masallaci a bayan layin, na yi La'asar a can. Satin jarabawa kuma hannun gem ya zauna a wajena.

Yaron ya bani lambarsa, yace suna haɗuwa duk Asabar da yamma ko babu gasa, kuma yace in faɗa maka kombonka da kyau, baka yar da ko ɗaya ba a wanda ya shiga. Zan turo maka lambar yanzu. Ka fara da bashi haƙuri kan hannun da ya miƙo baka karɓa ba, wannan kam ba shawara nake baka ba, umarni ne.

Ka zo gida ran Juma'a bayan masallaci ka karɓi hannunka, na goge shi na mayar da sukurorin, Mamanka tace zata yi maka dambun nama ka tafi da shi. Ka taho da na'urar ma in ba nauyi, ina so ka ɗora ni akan King in riƙa kama ka kana kwancewa har sai an kira Isha'i.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka