Rahoton ayyukan ƙungiyarmu ta kula da kududdufai, na bana

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa mambobi. Ga abin da Allah ya ba mu ikon yi a wannan shekara.

Yawancin ƙarfinmu bana ya tafi ne kan kududdufin nan na bayan badala, kun dai san yadda ya koma, leda da robar lemo da ruwan kwata duk nan ake turowa, ga masu kawo tifar ƙasa da daddare suna cikewa kaɗan kaɗan don su yanki fili. Kududdufan Kano ramuka ne da kakanninmu suka bari wajen ɗibar ƙasar gini, su ke shanye ruwa in an yi mamako, to in an cike su ina ruwan zai je in ba ɗakunan mutane ba? Wannan maganar muka kai wa mai unguwa da liman, Allah ya saka musu da alheri, tunatarwar da liman ya yi bayan magariba wallahi ta fi allon sanarwarmu aiki nesa ba kusa ba.

Da rani mun yi aikin gayya, matasa sun shiga da manjagara suka janye leda da kainuwar da ta rufe ruwan. Yanzu da sassafe za ka tarar da zalɓe tsaye a gefen ruwa yana jiran kifi, balbelu sun dawo kwana a bishiyar bakin ruwan, har kazar ruwa mun gani da 'ya'yanta.

Yara masu danƙo kuwa ba mu kore su ba, malamansu na allo muka samu. Ran 2 ga Fabrairu, ranar dausayi ta duniya, wadda ake tunawa da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 da ƙasashe suka ƙulla don kare dausayi, mun tara yaran muka nuna musu cewa akwai tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a fadamar Haɗejiya da Nguru. Wasunsu yanzu su ke kawo mana rahoto in an kafa tarko.

Abin da ya rage shi ne ruwan kwata da sauro, maƙwabta suna kuka kuma suna da gaskiya, dole mu zauna da su kafin damina. Masu bashin kuɗin wata don Allah a ga ma'aji kafin taro mai zuwa.