Wasiƙa zuwa ga Abba kan ciwon sukarin gidanmu

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya sanyin Ingila, ya iyali? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Matarka ta faɗa mini likita ya tambaye ka ko akwai mai ciwon sukari a danginku, ka ce babu. Akwai, Abba, ta wajen uwa da ta wajen uba. Ban ga laifinka ba, don ko Babanka aka tambaya haka zai amsa. Ku maza iyakarku ku leƙo ku ce "ya jiki", ku biya kuɗin magani ku fita. Mu da muke kwana da majinyaci mu muka san mai tashi fitsari dare farai, da wanda buta ba ta rabuwa da hannunsa saboda ƙishi.

Kakanka mai sunanka, ƙafar da aka yanke masa ba sammu ba ne, ko da yake har gobe Baffanka haka yake cewa. Ƙaya ce ta soke shi a gona bai ji ba, don sukari ya riga ya kashe masa jin ƙafar, gyambon kuma ya ƙi warkewa. Mutanen da, wasu ba su san cutar ba, wasu sun sani suka rufe, kada a guji auren 'ya'yan gidan. Kawunka na Zariya kullum sai ya yi allurar insulin. Ni ma sukarina ya hau da cikin ƙanwarka, aka haife ta ta haura kilo 4.

Kada ka ce kai yaro ne, ba ka da tumbi. Hukumar lafiya ta can Ingila tana cewa haɗarin Bature yana ƙaruwa ne daga shekara 40, amma baƙar fata da 'yan asalin Indiya da Pakistan tun daga 25. Kai kuwa ka ba talatin baya.

Ka koma ka gyara amsarka, ka nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sukarinka ya kasance cikin wata biyu zuwa uku. A ma'auninsu na can, 42 zuwa 47 gargaɗi ne, 48 kuwa cutar ta kama. Lemon kwalban nan ma a rage, Allah ya yi maka albarka.

Ka kira Gwaggo Babba tun tana da sauran tunani, ita ta yi jinyar kusan kowa. Abin da ta faɗa ka rubuta, ka tura wa ƙannenka.

Ka shafa mini kan yara.

Taka,
Umma