Likita, a bar maɗori ya sake taɓa hannun da aka yi wa jonin jijiya?

Assalamu alaikum Likita. Ina gaishe ka da aiki, tare da abokan aikinka na wannan shiri. Allah ya saka muku da alheri.

Maigidana tela ne, shekararsa 38. Wata uku ke nan da ya faɗi a kan babur bayan la'asar. Yaro ne ya gitta masa, ya kauce, ya dafa ƙasa da tafin hannun dama. Gwiwar hannun ta goce, ƙashin ya turo ta baya. Ƙannensa suka ɗauko wani maɗori, mutum biyu suka riƙe shi aka ja, muka ji ƙas, aka ce ta koma. Ya jera kara, ya naɗe da tsumma tamau, ya ce kada a kwance sai an yi mako guda.

Wajen ƙarfe goma na dare na taɓa yatsunsa, na ji su sanyi ƙalau kamar an tsamo su daga randa. Faratan sun yi fari. Na danna ɗaya na saki, jini bai dawo ba. Ya ce yatsun sun mutu, amma da na gwada miƙe masa guda sai ya ƙwalla ƙara, mutumin da ban taɓa jin ya yi raki ba. Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce zafin ɗori ne, kowa da haka yake kwana. Na yi shiru, kuma shirun nan har yau yana ci mini rai.

Da asuba yayana ya zo ya kai mu asibiti. Likita ya laluba tsintsiyar hannun bai ji bugun jini ba, hoto kuma ya nuna babu karaya. Ya zana mana a takarda: babbar jijiyar da ke kai jini hannu ta gaban gwiwa take bi, a nan ƙasa kaɗan take rabuwa biyu. Da ƙashin ya goce sai ya ja ta har ta tsage, ɗaurin kuma ya ƙara matse kumburin. Ya ce ba kasafai gocewa ke zuwa da haka ba, amma idan ta zo, tsoka ba ta jure rashin jini fiye da kamar awa shida. Ƙananan jijiyoyin da ke kewaye da gwiwar ne suka riƙa ɗiga masa jini, shi ya sa ba a kai ga yanke hannun ba. A ranar aka shiga tiyata, aka ciro jijiya daga ƙafarsa aka yi joni, aka tsaga naman hannun don kumburi ya sauka, sai bayan kwanaki aka rufe.

Alhamdulillahi, yanzu hannun da ɗumi, ni kaina ina jin bugun. Sai dai gwiwar ba ta miƙewa duka, yatsun kuma sun lanƙwashe ciki. Idan ya sunkuyar da tsintsiyar hannun suna ɗan buɗewa, idan ya ɗaga ta sai su dunƙule. Almakashi ya gagare shi. Rannan na leƙa shago na tarar ya shimfiɗa shadda, ya zuba mata ido, yana jiran yaronsa ya dawo ya yanka masa. Muna zuwa gashin ƙashi sau biyu a mako, sauƙin yana zuwa, amma a hankali ƙwarai.

To ga inda gizo ke saƙa. Hajiya ta ce asibiti sun yi nasu, saura a mayar da shi wurin maɗori ya gasa da ruwan zafi, ya murza da man kaɗanya, ya miƙe yatsun da ƙarfi. Ba na raina maɗora, sun ɗora mutane da yawa a danginmu sun warke. Amma Likita, fatar yatsun nan ba ta ji sosai, shekaranjiya kofin shayi ya ƙona shi bai sani ba sai da ya ga ƙuna. Ina ruwan zafi zai kai mu? Kuma jan ƙarfi ba zai tsinka jonin nan ba?

Ina so ka gaya mini gaskiya: yatsun da suka ƙanƙance haka suna dawowa da gashi kaɗai, ko akwai wata tiyatar a gaba? Wata nawa ya kamata mu jira kafin mu san matsayinmu? Wace alama ce idan na gani zan san jonin ya toshe, mu garzaya ko da tsakar dare ne?

Shi ba ya iya yi wa mahaifiyarsa musu, ni kuma suruka ce, bakina bai kai ba. Amma Hajiya ba ta barin shirinka ya wuce ta, rediyonta na gefen tabarma. Don Allah idan za ka amsa, ka yi bayanin yadda babba zai ji ba tare da ya ga an ci masa fuska ba. Ta sa ranar Asabar mai zuwa za a kai shi.

Daga mai sauraronku a kullum,
wata baiwar Allah a Kano.