Rahoton Ayyukan Shekara daga Sakataren Ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan uwa maza da mata mazauna Tasalonika ta ƙasar Girka da kewaye.

Rahoton bana ya makara da mako biyu, domin na tsaya jiran waɗanda suka yi alkawarin biyan bashinsu kafin ma'aji ya rufe littafi. Mutum uku ne suka cika alkawari.

Taron wata an yi shi sau 9, mun yi buɗe-baki tare sau biyu, an kuma yi gaisuwar Sallah kamar yadda aka saba.

Sunaye 44 ne a rajista, amma mutum 17 kawai suka biya kuɗin wata cikakke. Yuro 5 ne fa, bai kai kuɗin shan kofi sau biyu a bakin teku ba. Na kira waya, na tura saƙo a WhatsApp, wasu har wurin aikinsu na taka. Akwai waɗanda yanzu in sun ga lambata ba sa ɗauka, kuma wallahi abin yana yi mini ciwo, don ba aljihuna kuɗin ke shiga ba. Wanda ba shi da aiki mun san shi, kuma mun yafe masa tun farko. Ba da shi nake ba.

A taron farkon shekara ku da kanku kuka amince mu je bukukuwa uku na arewacin Girka. Hujjar da aka kawo ita ce, garin da muke zaune UNESCO ta sa shi cikin biranen da suka shahara da abinci tun 2021, amma yawancinmu ba mu wuce koulouri (burodin zobe mai riɗi) da bougatsa (fanken garin mai ɓawon fulawa) ba, yaranmu kuma suna dawowa daga makaranta da tambayoyin da ba mu da amsarsu. Cikin tafiye-tafiyen uku, wato Naoussa, Kozani da Xanthi, ɗaya ce ta yiwu. Tun da ana ta maganganu a bayan fage, bari in faɗi dalili.

Ta Naoussa ba laifin kowa ba ne. Bikinsu na kafin azumin Kirista yana bin lissafin Ista, bana kuma ya haɗu da Ramadan. Ba zan kwashi masu azumi in tsayar da su yini guda a titi ba. Na fi kowa jin haushi, domin na daɗe ina so ku ji zournas da daouli, abin busa da abin kiɗan da ake yi wa samarin garin masu rufe fuska da tsabar azurfa a ƙirji. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan Sallah zai rantse algaita da ganga yake ji. Mutanen garin suna haɗa al'adar da tunawa da kisan da aka yi musu a 1822, saboda haka ba wasa kawai ba ne a wurinsu.

Ta Kozani kuwa kuɗi ne ya kashe ta. Furen za'afaran na ƙauyen Krokos yana fitowa ne daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, mako uku ko kusa da haka, kuma ba ya jiran kowa. Da hannu ake tsinkarsa, zare uku ja ake cirewa a kowane fure, sai an tara fure kusan 150,000 kafin a sami kilo ɗaya. Manoman suna da ƙungiyar haɗin gwiwa tun 1971, kuma ita na so mu gani da idonmu. Mai bas ya nemi kafin alƙalami, asusu babu, na yi shela sau uku, mutum shida suka amsa. Kafin a gama ja-in-ja fure ya ƙare. Masu cewa sakatare ya yi sakaci, saƙonnin suna nan da ranakunsu.

Sai tafiyar Xanthi a farkon Satumba, wadda ta wanke mini zuciya. Mu 23 muka tashi bayan sallar asuba ranar Asabar, da mata da yara, tafiyar sama da kilomita 200 gabas a kan babbar hanyar Egnatia. Da gangan muka zaɓi Asabar don mu riski kasuwar garin, wadda ke ci sau ɗaya a mako. Iyayenmu mata ba su so fita daga cikinta ba: barkono, busasshen wake, zuma, yadi, ga masu saye da sayarwa ana jin Girkanci da Turkanci da yaren Pomak a layi ɗaya. Da azahar ta yi muka ji kiran salla daga hasumiya. Wani dattijonmu ya tsaya cak, idonsa ya cika da hawaye, ya ce rabonsa da jin kiran salla a sarari tun barinsa gida. Na yi wa yara bayani cewa lokacin musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya a 1923 an bar Musulmin wannan yanki a garuruwansu, shi ya sa masallatansu ke nan har yau.

Da la'asar muka hau cikin tsohon gari, titunan dutse masu ƙunci da manyan gidajen attajiran taba na ƙarni na 19. A nan ake bikin tsohon garin da ya kawo mu, wanda aka fara a 1991. Abin da ya fi ɗaukar hankalina ba mawaƙan ba ne. Rumfunan abincin da ke cike da tituna na ƙungiyoyin al'adu ne na garin, 'yan ƙungiya ne da kansu ke gashi, suna jera kujeru, suna kwashe kwanuka, tsoho da yarinya kafaɗa da kafaɗa har dare ya raba. Na tsaya ina kallonsu ina tuna littafin ma'ajinmu. Mafi yawan gashin naman alade ne, ga giya, saboda haka mun tambaya kafin mu ci komai, kuma ba wanda ya ɓata rai da tambayar. Mun ci kavourmas, wato naman shanu da aka dafa aka adana cikin kitsensa, da muka saya wurin mahauci Musulmi, yara suka cika ciki da kariokes, alewar garin mai cakulan. Dambun nama da cincin ɗin da matanmu suka ɗauko don hanya, rabinsa maƙwabtan teburinmu suka cinye suna tambayar yadda ake yi. Allah Ya saka wa waɗannan mata da alheri, su huɗu suka kwana suna aikin, da kuɗinsu.

Daga nan aka kawo shawarar mu nemi rumfarmu ta masa da tsire a wani bikin abinci na nan Tasalonika. Na karɓo bayanin takardun izini da na tsaftar abinci, amma duk da kuɗi ake yinsu, kuma ana bukatar mutum shida da za su tsaya a rumfa kwana biyu. Da ana shawarar hannu goma sha aka ɗaga. Da na fito da takardar rubuta suna, biyu na samu. Haka jerin abincin da ya halatta a ci a kowane biki, na rubuta na Xanthi na tsaya, domin waɗanda aka ba sauran garuruwan ba su kawo komai ba.

Ragowar abin da ke asusu ma'aji zai karanta shi da rasit a taron Lahadin farko ta watan gobe, bayan azahar, a wurin da muka saba. Mai bashi ya zo da kuɗinsa, ko ya zo ya faɗa mana a cire sunansa. A ranar ne kuma za a yanke maganar Kozani ta baɗi, don a biya mai bas tun watan Agusta. Ina roƙon a zaɓi mutum ɗaya da zai karɓi aikin bin kuɗin wata daga hannuna.

Wassalam,
Sakatare