Malesiya ta yi kama da gida, amma ba gida ba ce

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarmu domin jan hankalin ɗalibai da malaman jami'a da ke shirin tafiya Malesiya, da iyayen da ke tura 'ya'yansu can. Ko da yake asusun TETFund ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin ɗalibai zuwa ƙasashen waje daga farkon 2025, tafiyar ba ta tsaya ba. Masu biya wa kansu suna nan a jami'o'in Gombak da Serdang da Sintok da Skudai, wasu har da mata da yara.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu a can shi ne yadda ƙasar ta yi kama da gida. Mutum ya sauka ya ji zafi irin na Fatakwal, ya ji kiran sallah, ya ga mata sanye da hijabi, shinkafa safe da rana da dare, hatta soket ɗin bango mai ƙafa uku irin namu ne. Sai ya saki jiki kamar yana Kano, alhali kama da wane ba ta wane.

A fara da zazzaɓi, domin shi ne mai taɓa rai. A wurinmu duk zazzaɓi maleriya ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. A biranen Malesiya lamarin akasin haka yake. Tun 2018 ƙasar ba ta ƙara samun maleriyar da sauro ke ɗauka daga mutum zuwa mutum a cikin gida ba. Wadda ta rage ta birrai ce, a dazuzzuka, musamman na jihohin Sabah da Sarawak. Wanda ke kama mutane a gari shi ne zazzaɓin dengi. A 2023 kaɗai an samu sama da mutum 120,000 da suka kamu, kuma jihar Selangor, inda ɗalibanmu suka fi yawa, ita ke kan gaba. Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya buɗe jakarsa ya ɗauko maganin maleriyar da ya zo da shi, ya haɗa da ibufurofen ko asfirin ko dikilofenak saboda ciwon gaɓɓai. Dengi yana rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, waɗannan magunguna kuma suna ƙara haɗarin zubar jini, har a cikin ciki. Farasitamol kaɗai ya halatta: ƙwaya biyu ta miligiram 500 duk bayan awa shida ga babba, kada a wuce takwas a kwana guda, sai ruwa da yawa da ruwan gishiri da sukari. A je asibiti tun a kwana na ɗaya ko na biyu a yi gwajin jini. Kuma ga inda ciwon yake yaudara: lokacin da zafin jiki ya sauka, tsakanin kwana na uku da na bakwai, shi ne lokacin haɗari, ba lokacin warkewa ba. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a dasashi ko hanci, ko kasala har mutum ya kasa ɗaga kai, duk wanda aka gani a cikinsu to a tafi sashen gaggawa, ko da ƙarfe biyun dare ne. Wanda kuma ya dawo hutu daga Najeriya ya fara zazzaɓi, ya faɗa wa likita daga ina ya dawo, domin likitan can ba zai yi tunanin maleriya da kansa ba.

Sauron dengi baƙi ne mai ratsin fari a ƙafa, da rana yake cizo, musamman da sassafe da kuma gab da magariba, saboda haka gidan sauron dare bai wadatar ba. Ba ya son kwata. Ruwa mai tsabta da ya kwanta yake nema. A nan ne al'adarmu ta tara ruwa a bokiti da duro, wadda rashin ruwan famfo ya koya mana, take zama matsala. Kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi daga ƙwai ya zama sauro, kuma ƙwan yana manne wa jikin bokiti ya yi watanni a bushe bai mutu ba. Zubar da ruwan kawai bai isa ba, sai an goge cikin da soso duk mako. A duba farantin ƙarƙashin tukunyar fure, da tiren bayan firji, da butar bayi. Jami'an lafiya na shiga gida-gida, kuma idan suka ga tsutsar sauro a gidanka tarar ringit 500 ce, wato kuɗin ƙasar.

Sai laima, wato damshin iska. Malesiya ba ta da hunturu, ba ta da rani irin namu. Zafi kusan digiri 32 da rana, iska kuma jiƙe take shekara duka. Abin da aka saba ajiyewa a gida wata shida lafiya, a can mako uku ya ishe shi. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, garin yaji, duk wanda aka bari a leda a kan kanta sai ya yi fumfuna ko ya dunƙule. A zuba su a robobi masu rufi ƙam, a sa a firji, daddawa kuwa a sashen ƙanƙara. Takalmin fata, hular zanna, shadda mai sitaci da aka ninke a akwati, littattafai, su ma suna yin kore-kore. A janye durowar kaya kamar taƙi guda daga bango, a riƙa buɗe ta, a sa robar shanye laima da ake sayarwa a kowane babban kanti, kuma kada a taɓa ninke kayan da ba su gama bushewa ba. Wanki a yi shi da safe, domin ruwan sama da tsawa sun fi zuwa bayan azahar. Daga Nuwamba zuwa Maris ne damina mai ambaliya a jihohin Kelantan da Terengganu da Pahang, amma ambaliyar Disambar 2021 ta shanye unguwanni a Shah Alam, gab da babban birni. Kafin a kama gidan da ba bene ba a tambayi maƙwabta inda ruwa ya taɓa kaiwa. Wasu shekaru kuma, kamar 2015 da 2019, hayaƙin ƙona daji daga Sumatra da Kalimantan na ƙasar Indonesiya yana rufe gari. Ya yi kama da hazo a ido amma hayaƙi ne. Idan ma'aunin gurɓatar iska ya haura 200 ana rufe makarantu, mai asma ya zauna a ɗaki.

Takardu kuwa, a nan ne "a yi haƙuri" ba ta aiki. Hukumar EMGS ce ke kula da bizar ɗalibai. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 18, a riƙe katin rigakafin shawara, a cike katin shiga ƙasa na intanet cikin kwana uku kafin sauka. Bayan isa, cikin kwana bakwai za a yi gwajin lafiya a asibitin da hukumar ta amince da shi: hoton ƙirji saboda tarin fuka, jini saboda ƙanjamau da ciwon hanta, fitsari saboda ƙwayoyi. Wanda ya faɗi gwajin komawa gida zai yi, bayan ya kashe kuɗin jirgi. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasarmu, kuma da yawan masu shi ba su sani ba. A yi gwajin a gida kafin a biya ko kwabo. Maganin tari mai kodin ma na iya bayyana a fitsari, don haka a guje shi kafin tafiya.

Galibi shekara-shekara ake sabunta biza, kuma sai halartar aji ta kai kashi 80 cikin ɗari, matsakaicin maki bai gaza 2.0 ba. A miƙa takardu wata uku kafin ƙarewa. Idan ta ƙare fasfo na hannun ofis, mafita ita ce takardar izini ta musamman ta kwana 30 a kan ringit 100, ita ma ba a bayar da ita ba iyaka. Wuce wa'adi laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har shekara 5, bayan tara da haramcin sake shiga ƙasar. Duk lokacin da fasfo ke hannun makaranta, a riƙe kwafinsa da wasiƙar makarantar a aljihu, domin ana samame, kuma, a faɗi gaskiya, baƙar fata ya fi saurin shan tambaya. Aiki kuma, abin da doka ta yarda wa ɗalibi shi ne awa 20 a mako, a lokacin hutun da ya wuce kwana bakwai, a gidan abinci ko otal ko gidan mai ko ƙaramin kanti, da izinin hukumar shige da fice. Duk dillalin da ya ce maka za ka biya kuɗin makaranta da aikin da za ka samu a can, ƙarya yake yi.

Lissafin kuɗi ma ya canza. Daga 1 ga Yulin 2025 an ɗora harajin kashi 6 cikin ɗari a kan kuɗin karatun ɗaliban waje a manyan makarantu, da kuɗin jinyar baƙi a asibitoci masu zaman kansu. Daga ƙarshen Satumbar 2025 man fetur mai tallafi na 'yan ƙasa ne kaɗai. A asibitin gwamnati ɗan ƙasa ringit ɗaya yake biya ya ga likita, baƙo ringit 40, kuma kwanciya sai an ajiye sama da ringit dubu. Inshorar ɗalibi yawanci ba ta ɗaukar haihuwa. Mai zuwa da iyali ya yi wannan lissafin tun daga gida, ya kuma sani cewa haihuwa a can ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa. Sai an yi masa rajista, an yi masa fasfon Najeriya, sannan a nema masa tasa bizar. Haya kuwa wata-wata ake biya, amma ranar shiga sai an ajiye kuɗin wata uku da rabi: biyu jingina, ɗaya na watan farko, rabi na wuta da ruwa. A ɗauki hoton kowane tabo a bango ranar shiga, a tabbatar an buga wa yarjejeniyar hatimin ofishin haraji, in ba haka ba karɓo jinginar nan sai an sha wuya. Wasu masu gidaje ba sa ba 'yan Afirka haya. A faɗi ƙasar da aka fito tun a waya, ya fi a yi tattaki a banza.

Kada a ba kowa aron asusun banki ko katin cirar kuɗi, ko ɗan garinku ne. Masu damfara suna neman asusun ɗalibai su bi da kuɗin sata, kuma mai sunan da ke kan asusun ake kamawa. Haka saƙon da za a ce ka riƙe a jaka. Giram 200 na wiwi ko giram 15 na hodar heroin ya isa kotu ta ɗauke ka mai safara. An soke wajabcin hukuncin kisa a 2023, amma alƙali na da ikon yanke shi, ko ɗaurin shekara 30 zuwa 40 da bulala. Kilishi da dambun nama kuma jami'an filin jirgi na iya ƙwacewa.

Addini shi ne inda kamannin ya fi ruɗi. Mutanen can Shafi'awa ne: liman zai karanta bisimilla a bayyane, ya yi ƙunutu da asuba hannu a ɗage, kuma a wurinsu taɓa fatar matarka yana warware alwala. Ba wurin gyara wa mutane sallah ba ne. Mafi muhimmanci, addini a hannun sarakuna da hukumomin jihohi yake. Yin wa'azi ko karantarwa a bainar jama'a ba tare da takardar izinin hukumar addini ta jiha ba laifi ne, komai iliminka. Tun 1996 akwai fatawar da ta hana yaɗa koyarwar Shi'a. Musulmin da aka gani yana cin abinci a fili da rana cikin azumi ana kama shi, haka namiji da mace da ba muharramai ba da suka keɓe a ɗaki. Abubuwa uku kuma baƙo ya kame bakinsa da yatsunsa a kansu: ƙabila, addini da sarauta. Irin zolayar da muke yi wa shugabanninmu a Facebook, idan aka yi wa Sarki Ibrahim, wanda ya hau gadon sarautar ƙasar a Janairun 2024, ko wani sarkin jiha, kotu ce. Dokar taro ta 2012 ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba shiga zanga-zanga, ko da ta goyon bayan Falasɗinu ce da kowa ke so.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke sa a so maƙwabci ko a kai ƙararsa. Malayawa ba sa ɗaga murya. Hirarmu ta bakin ƙofa da dare a kunnensu faɗa ce. Ba a nuna mutum da manuniya, da babban yatsa ake yi. Takalmi a bakin ƙofa. A shagon shayi a ce "kurang manis", wato a rage zaƙi, in ba haka ba madarar gwangwani za a sha. Garin alkama na suji yana yin tuwo, kuɓewa ɗanya sunanta bendi, kuma kasuwar Chow Kit a Kuala Lumpur tana da kayan miya da arha. A jihohin Kedah da Kelantan da Terengganu hutun mako Juma'a da Asabar ne, Lahadi ranar aiki; Johor ta koma Asabar da Lahadi daga farkon 2025. Agogon can yana gaba da namu da awa bakwai, don haka iyaye su daina kira bayan isha'i. Mota kuma hannun hagu take bi, irin yadda muke yi kafin 1972. Wanda zai tsallaka titi a makonsa na farko ya fara duba dama.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Serdang, Malesiya